Abin da Muka Gano a Dutsen Kwatarkwashi, da Maganar Rumbunmu

Jawabin kwamitin gudanarwa a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya, kamar yadda aka karanta shi a gaban membobi

 

Uwar ƙungiya, iyayenmu mata da suka kafa wannan tafiya, shugabannin rassanmu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, malamanmu, mazajenmu da suka ba mu izinin fitowa har wasunsu suka rako mu, 'ya'yanmu da ke can baya suna ta hayaniya, assalamu alaikum wa rahmatullah. Sannunku da zuwa, sannunku da hanya. Waɗanda suka rasu daga cikinmu a wannan shekara, da waɗanda aka kashe, Allah Ya gafarta masu. Waɗanda har yanzu suke hannun mutanen daji, Allah Ya kuɓutar da su. A ce amin.

Ma'aji za ta karanta maku lissafi bayan mun gama, kuma duk wadda ke da tambaya a kan kwabo ɗaya ta riƙe abarta har lokacin. Mu abin da kwamiti ya ɗora mana daban ne. Akwai shawara guda da za a kaɗa ƙuri'a a kanta yau bayan azahar, shawarar rumbun ƙungiya. An ce kafin a kaɗa, mu yi maku bayanin inda maganar ta samo asali. To, daga kan wani dutse ta samo asali, don haka sai kun yi haƙuri mun kai ku can tukuna.

Da yawanku kun san da kakar da ta wuce mun kai amarya Gusau, ɗiyar ɗaya daga cikinmu ta reshen Faskari. Mota biyu muka yi. Na Ƙanƙara suka same mu a Sheme, muka bi ta 'Yankara, Wanzamai, Tsafe. Ba sai mun gaya maku yadda ake bin wannan hanya ba. Ba a fita da sassafe, ba a kai la'asar, kowa da carbinta a hannu, direba kuwa idonsa na kan motocin da ke zuwa daga gaba, in ya ga sun ɗauke sai ya rage gudu. Allah Ya kai mu lafiya. Wata daga cikin dangin ango 'yar Kwatarkwashi ce, ta rantse ba za mu wuce garinsu a dawowa ba mu sha ruwa ba. Shi ke nan muka tsaya, da nufin rabin awa. Sai ga shi mun yi wajen awa uku.

Duk wadda ta taɓa zuwa Gusau ta ga dutsen nan daga mota. Ba ya ɓuya. Kafin ki shiga Gusau kaɗan, sai ki gan shi ya tokare sama, baƙi wuluk, santsi kamar bayan tukunya, garin kuma yana kwance a gindinsa. Mun sha wucewa, wasunmu shekara ashirin suna wucewa, ba mu taɓa tambayar kome a kansa ba. Wanda ke cikin mota ai burinsa ya isa.

Kwatarkwashi yanzu tana cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu ta jihar Zamfara, kuma masarauta ce mai sarkin yanka. Sarkinsu da ya rasu a 2022, Alhaji Ahmad Umar, tun 1961 yake kan gado, shekara 61 ke nan. Tarihin da mutanen garin ke bayarwa da baki shi ne wani maharbi mai suna Mangul ya fara zama a wurin, kuma sunan garin daga wata sarauniya ya fito, Kwatashi, wadda ta yi mulki bayansa. Da aka zo nan wajen, sai matan Sabuwa suka ɗauki guɗa, wai ashe garin namu ne.

Kuma da gaskiyarsu, ko da ba ta wannan fuskar ba. Iyakar da ke 'Yankara sabuwa ce. Jihar Katsina 1987 aka yi ta, Zamfara 1996. A da, duk yankin nan, daga Maska da Kogo da Pauwa har 'Yandoto da Kwatarkwashi, ƙasar Katsina ce, ita ake kira Katsina Laka saboda irin ƙasar nomanta. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, ya yi bayanin waɗannan garuruwa a littafinsa na tarihin Katsina da ya fito a 1981. In kuma ba ki karanta littafi ba, ki saurari sunayen sarautu, su ba su manta ba. Sarkin Gusau har gobe Sarkin Katsinan Gusau ake ce mashi. Na Tsafe, 'Yandoton Tsafe, da sunan tsohon garin malamai na 'Yandoto, wanda aka ci da yaƙi a zamanin jihadi, kuma daga can ne tarihi ya ce Muhammadu Korau ya fito ya karɓi sarautar Katsina. Mu ma nan gida haka ne. Hakimin Ƙanƙara Sarkin Pauwa ne. Sarautar Kogo tana Sabuwa, alhali Birnin Kogo yana ƙasar Faskari. Kun ga ke nan, mutane kan tashi, kujera ta tashi, sunan tsohon wuri ya biyo su. Ba mu ne farkon waɗanda suka bar gida a wannan ƙasa ba. Mu riƙe wannan, za mu dawo kanta.

Bayan mun ci tuwo, sai aka haɗa mu da wani dattijo da samari biyu su kai mu dutsen. Iyayenmu manya suka ce su gwiwa ta ƙi, suka zauna a inuwa da tsofaffin gidan. Mu da muka ɗaura ɗamara, gaskiya ba mu kai ƙololuwa ba, ko kusa. Inda muka kai ma sai da muka cire takalma, muka riƙa dafa dutse da hannu, wata na jan wata. Hajiya ɗaya da ta fi kowa cika baki a ƙasa ita ta fara zama, ta ce ita a nan za ta yi mana addu'a.

Abin da muka gani a inda muka tsaya ba gini ba ne. Wadda ke tsammanin soro ko ganuwa za ta ce an yaudare ta. Tsingaro ne barkatai a tsakanin duwatsu, na tukwanen da suka fashe tun ba a haifi kakanninmu ba. Sai wasu ramuka a jikin dutsen, dogaye, masu santsi, jere da juna. Samarin suka tsallake su suka wuce, don su ba su ga kome ba. Mu kuwa muka tsaya cak. Duk macen da ta taɓa durƙusawa gaban dutsen niƙa ta san wannan rami. Wata cikinmu ta durƙusa ta sa hannu biyu kamar mai niƙa, sai ga shi ya zauna mata daidai. Ku duba dai, dutse ne mai taurin da ko guduma sai ta yi da gaske. Gero nawa, dawa nawa, hannun mace nawa, shekara nawa, kafin ya lotsa haka? Kuma a jere suke, wato ba ita kaɗai take niƙan ba. Suna tare, suna hira, ƙila suna waƙa, ƙila suna gulmar kishiya. Wallahi jikinmu ya yi sanyi a wurin nan.

Sai maganar ruwa. Akwai kwarmi-kwarmi a jikin dutse inda ruwan sama ke taruwa, amma kowa ya san irin wannan ba ya kai bazara. Muka tambayi dattijon, to in ya ƙafe fa? Ya yi dariya ya ce sai a sauka. Muka ce wa ke sauka? Ya ce, to, wa kuwa. Mu da muka hau da hannu biyu babu kaya muna haki, sai muka tuna wata ta hau nan da tulu a ka da goyo a baya, ba sau ɗaya a rana ba.

Al'adar da garin ya yi suna da ita kuwa ita ce kamun maiki. A da, shekara-shekara, samari majiya ƙarfi kan hau inda maiki ke sheƙa, a wuraren da ko akuya ba ta zuwa, su kamo shi da rai su sauko da shi gaban sarki, gari ya ɗauki kiɗa. Wanda ya kamo ya yi suna ke nan, ba ya rasa matar aure. Bikin yana haɗe da tsafin gargajiya, domin Kwatarkwashi na daga cikin wuraren da aka sani da dodon nan Magiro kafin Musulunci ya game ko'ina, kuma saboda haka ne aka bar shi. Ba mu yi baƙin cikin barinsa ba. Abin da ya saɓa wa tauhidi ba abin kewa ba ne, kuma ba mu ga uwar da za ta so ɗanta ya rataya a bakin dutse don tsuntsu ba. Amma ga abin da ya tsaya mana a rai. Dattijon nan ya ba mu labarin kamun maiki tiryan-tiryan, har da yadda ake rarrafe. Da muka tambaye shi, su wa ke dafa abincin taron, daga ina hatsin ke fitowa, yaya ake ajiye shi a kan dutse ba ya lalacewa, sai ya ce wannan sai dai mu tambayi mata. Muka sauko muka tambayi tsofaffin da ke zaune da iyayenmu. Ɗaya ta ce kakarta ta sani, amma ita ba ta riƙe ba. Bajintar kwana ɗaya an adana ta. Aikin kwana ɗari uku da sittin, wanda shi ya riƙe garin, ya bi masu shi kabari, sai ramukan niƙa.

Yanzu mu tambayi kanmu, me ya kai mutum da hankalinsa zama a jikin dutse, ga fili shimfiɗe a ƙasa, ga laka mai albarka? Ba sha'awa ba ce, tsoro ne. Zamanin hari ne da kamun bayi. Daga inda muka tsaya muna hango gonaki har inda ido ya ƙare, da titin Gusau kamar zare. Mahayi ba ya tasowa ba a ga ƙurarsa ba, kuma doki ba ya hawa santsi. Noma a ƙasa, kwana da rumbu a sama ko a lungun dutse. In hari ya zo, a kwashe yara da awaki a haye, a zauna a ci abin da aka tara har maharan su gaji. Da aka samu kwanciyar hankali, musamman bayan zuwan Turawa a 1903, mutane a wurare da dama suka sauko suka bi hanya da kasuwa da rijiya. Wa zai zauna yana hawa da tulu alhali ba a korar shi?

To ga shi zamani ya juyo. Ba za mu tsaya lissafa maku abin da kuka gani da idonku ba. Kun san daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe yaran makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida, da yawa a nan 'ya'yanku ne ko na maƙwabta. Kun san 2021, da aka rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanninmu, aka yanke layin waya, mai awara da mai ƙuli-ƙuli suka rasa inda za su kai. Wani abin ma kamar almara: a ƙarshen 2020 ɗin nan gwamnatin tarayya ta sa dajin Kogo cikin sababbin gandayen daji na ƙasa guda goma, irin waɗanda baƙi ke zuwa kallo. Mu da ke bakinsa ko itace ba mu iya shiga yi.

Sai dai kada wata ta fita nan ta ce kwamiti ya ce a koma kan dutse. Dutse maganin doki da mashi ne, ba maganin babur da bindiga ba. Yau ma duwatsun da dazuzzukan, su ke ciki. Dutsenmu na yanzu shi ne cikin gari: Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa, Dandume, Funtuwa, ɗakin ƙanwa, shagon da ba a gama ba, ajin firamare. Can muke hayewa. Bambancinmu da matan da suka lotsa dutsen nan ɗaya ne, kuma shi ne dukan maganarmu ta yau. Su hatsinsu yana riga su hawa. Tun da kaka suke kai shi inda za su gudu. Mu kuwa namu yana ƙauye, a rumbun kara, a tsakar gidan da za mu bari da tsakar dare. Mu tsira da zane ɗaya, rumbu a ƙone shi ko a kwashe. Wadda ta noma buhu goma sai ga ta a layin rabon tallafi da kwano. Akwai su a cikin ɗakin nan, ba sai sun ɗaga hannu ba.

Da muka dawo muna ta wannan zance, sai wata ɗiyarmu malamar makaranta ta ce ai ba mu kaɗai ba ne, ta buɗo mana hotuna a wayarta na ƙasar Italiya. Su ma can, shekaru ɗaruruwa da suka wuce, garuruwansu yaƙar juna suke, don haka suka gina su a kan tuddai, suka kewaye da ganuwa. Akwai wani gari, San Jiminyano, inda attajirai suka yi ta gasar gina dogayen husumiyoyi, kowane gida na son nasa ya fi na wani tsawo. An ce sun kai 72, yanzu 14 suka rage. Wannan ai kamun maikinsu ke nan, bajintar maza, kuma shi masu yawon buɗe ido ke zuwa ɗauka hoto. Amma wanda ya kama mu shi ne wani gari mai suna Orbiyeto, tsakanin Rum da Fulorans, wanda ke zaune ɗungurungum a kan wani falalen dutse. A 1527 sojoji suka wawashe birnin Rum, Fafaroma na lokacin ya gudu ya fake a wannan gari. Abin da ya fara damunsa shi ne, in aka kewaye mu, ina ruwa? Sai ya sa aka haƙa rijiya a cikin dutsen, zurfinta ya haura mita 50, aka gama a 1537. Matakala 248 gare ta, kuma hanya biyu ce a naɗe kamar igiya, ɗaya ta sauka ɗaya ta hawa, don jakin da ya ɗebo ruwa kada ya yi karo da mai zuwa ɗiba. A ƙarƙashin gidajen garin kuma sun sassaƙa koguna, har da ramukan tantabaru a jikin bango, don ko an rufe ƙofa a samu nama. Muka ce, to wannan mai gudun hijira ne da ya san abin da ke kashe mutum a kan dutse.

Ta kuma gaya mana abin da ya fi wannan kusa da mu. Tun wajen ƙarshen ƙarni na 15, garuruwa da yawa a Italiya suna da rumbun gari na rance. Talaka ya zo lokacin shuka a auna mashi iri, da kaka ya mayar. Sai dai su a shafe suke ba shi mudun, ya mayar da shi da tozo, tozon nan shi ne ribar rumbu. Nan muka ce a'a. Hatsi da hatsi da ƙari, malamanmu sun gaya mana hukuncinsa, riba ce. Mun san ta da wani suna a nan, falle: buhu ɗaya da damina, biyu da kaka. Falle ya tashi gidaje kafin ɓarayin daji su tashe su. Don haka mun ɗauki rumbun, mun bar masu tozonsu.

Wata za ta ce, to su garuruwan nan yanzu da kuɗin baƙi suke ci, me zai hana a gyara Kwatarkwashi ko Birnin Kogo a riƙa zuwa kallo? Allah Ya nuna mana ranar. Amma kada mu ruɗi kanmu. Sukur da ke kan duwatsun Madagali a Adamawa, da hanyoyinta na jeren dutse da rumbunanta, tun 1999 hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya, ita ce ta farko a Nijeriya. Wannan bai hana 'yan Boko Haram hawa su yi ɓarna a 2014 ba. Baƙo ba ya zuwa inda mai gida ke kwana da takalmi. Wannan ba aikin ƙungiyarmu ba ne a bana.

Kuma ba sai mun je Turai neman misali ba. Asusun da muke yi duk mako, da akwati mai makulli uku, a ƙasar Maraɗi aka fara shi a 1991, da sunan Mata Masu Dubara, tare da ƙungiyar CARE, daga nan ya bazu ƙasashe da yawa. Matan Hausa ne irinmu, kuma adashin iyayenmu ne aka yi wa gyara. A can Nijar ɗin, ƙungiyoyin mata da dama sun wuce akwati sun kai ga bankin hatsi: su saya da kaka yana araha, su ajiye, su buɗe da tsakiyar damina lokacin da tiya ta yi tsada kuma rumbun kowa ya yi ƙasa. Abin da muke so mu gwada ke nan.

Ga yadda kwamiti ya tsara. Rumbu ba ɗaya ba, uku, kowane reshe da nasa, kuma a cikin gari, ba a ƙauye ba. Ba ginawa za mu yi ba, ɗaki za mu kama haya mai ƙofar ƙarfe da daɓen siminti, ba a bakin hanya ba. Ajiya iri biyu ce. Ta farko amana: memba ta kawo nata hatsin da kaka, masara ko dawa ko wake ko waken suya, a auna a gabanta, a rubuta sunanta a buhu da littafi, a ba ta takarda. Nata ne, ranar da ta so ta ɗauka, ko ta aiko da takardar. Abin da za ta biya kuɗin ajiya ne kawai na haya da mai gadi, a kan kowane buhu, kuma taro ne zai yanke nawa. Ta biyu ta ƙungiya ce: a ɗebi wani kaso daga asusu a sayi hatsi da kaka, a sayar wa membobi da damina ƙasa da farashin kasuwa. Wadda aka kora daga gida a ba ta rance, mudu da mudu, a shafe aka ba ta a shafe za ta mayar. Wake da masara a buhun nan mai ciki uku za a zuba su, PICS, wanda in an ɗaure shi da kyau ƙwari ke mutuwa don rashin iska, ba sai an sa maganin da ke kwantar da yara asibiti ba. Makulli uku, a hannun mata uku da ba gida ɗaya suke ba, kamar dai akwati.

Ba mu zo mu ce maku kowa ya yarda ba. A kwamiti ma sai da murya ta tashi. Reshen Sabuwa sun ce, kuma magana ce mai nauyi, tara hatsi wuri ɗaya kiran ɓarawo ne, gara kowa ta ɓoye nata inda ta sani, in an ci na wata ba a ci na kowa ba. Sun kuma ce cikin garin ma ai ana shiga. Gaskiya ne, ana shiga. Amsar da muka iya ba su ita ce, a shekarun nan abin da aka rasa a ƙauye ya fi abin da aka rasa a gari nesa ba kusa ba, kowa ta lissafa na danginta ta gani. Kuma shi ya sa muka ce uku, ba ɗaya ba, kuma kada a yi shela, kada a sa allo a ƙofa. Wasu daga Faskari suka kawo maganar kuɗin mota, cewa abin da za a kashe a kai buhu gari a dawo da shi ya cinye amfanin. Ga wadda ke kusa da gari wannan ba matsala ba ce, ga ta nesa matsala ce, kuma ba mu da cikakkiyar amsa. Abin da muka ce shi ne a haɗa kaya a ɗauki mota ɗaya ranar kasuwa, kuma ba dole ba ne, wadda ta ga bai yi mata ba ta bari.

Sai babbar, wadda aka yi ta kewaye-kewaye kafin wata ta faɗe ta: kuɗin da za a sa a hatsin ƙungiya, kuɗin rabon ƙarshen shekara ne. In aka amince, abin da kowace za ta karɓa bana zai ragu. Akwai mai jiran shi don kayan ɗakin ɗiya, akwai mai jiran shi don kuɗin makaranta. Kuma farashi ba shi da amana: an taɓa ganin shekarar da hatsi ya faɗi da damina maimakon ya tashi, masu ajiya suka yi kuka. In haka ta faru, asarar tamu ce duka. Mun faɗa maku wannan tun yanzu don kada wata ta ce an rufe ta. Ra'ayin kwamiti, da rinjaye ba da baki ɗaya ba, shi ne a fara da kaɗan a shekarar farko, a ga yadda za ta kaya.

Mazajenmu da ke nan, kun ji da kunnenku. Hatsin gandu naku ne, ba mu taɓa shi ba. Muna maganar na gayaunarmu ne da wanda muka saya da kuɗin sana'armu. Amma in wani ya ga dama ya kawo nasa ajiya da sunan matarsa, ƙofa a buɗe take, sai dai ya sani takardar sunanta za ta ɗauka.

Akwai ƙaramar roƙo ta biyu, wadda ba ta buƙatar ƙuri'a. 'Yan matanmu masu waya, kowace ta zauna da kakarta ko wata tsohuwa a unguwa kafin azumi, ta ɗauki muryarta. Ba labarin sarakuna muke so ba, wannan akwai masu yi. Ku tambaye su yadda ake shafe rumbun ƙasa, wane ganye ake sawa a ƙasan dami, yadda ake ajiye wake a toka ko yashi, yadda ake gane irin da zai kai baɗi, abin da aka ci a shekarar yunwa, da sunan garin da aka taso kafin a zo inda ake. Musamman waɗanda aka kwaso daga ƙauyukan da yanzu ba kowa, don in suka tafi ba mai nuna ko inda rijiyar take. Ku kawo wa sakatariyar reshe, za a tara, kuma abin da ya samu za a fara bugawa a wannan mujalla ta baɗi.

Ƙuri'a bayan sallar azahar ce, reshe-reshe, da tsinke a ƙwarya kamar yadda muka saba, ba ɗaga hannu ba, don kada wata ta ji nauyin wata. Wadda ba ta biya zubin wata uku ba ta ga ma'aji kafin lokacin. Na Sabuwa za su fara, saboda motarsu za ta tashi da wuri, kuma mun roƙi masu abinci su sallame su tukuna. Allah Ya mai da kowa gidanta lafiya. Ma'aji, bismillah.